Ɗigo Bakwai a Gurbin Suna

Zuwa ga Kwalba, wanda na ji yanzu ana ce wa Darakta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran nan da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ka gaishe da babanka, in har yana karɓar gaisuwata. Kakana da kakansa wa da ƙani ne, wannan dai ba mai iya gogewa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Likita ne ya hana ni waya. Wani ƙari ya fito mini a maƙogwaro, za a yi tiyata nan da mako bakwai, kuma ya faɗa mini ba kwana-kwana cewa muryar da zan fito da ita ba za ta wuce raɗa ba. Ya ce in riƙa tattalin magana. Ni da na yi shekara sittin da uku ban taɓa tattalinta ba.

A rediyo na ji an ba ka fim na goma sha huɗu na Mai Sanɗa. Ina taya ka murna. Na ga ɗan fim ɗin da ka yi na gama makaranta, wanda wani mutum yake kallon bango har minti ashirin. Na kalle shi har ƙarshe saboda zumunci.

Tun da kai ne sabon mai riƙe da gidan, bari in tuna maka abin da ka gada. Shekara talatin da ɗaya, fim goma sha uku, jarumai biyar sun sa kwat ɗin nan mai ruwan toka sun cire. Ɗaya ya yi tumbi, ɗaya ya shiga siyasa, ɗaya ya mutu, biyun kuma ko ni na manta fuskokinsu. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne muryar matar da take kiran Mai Sanɗa a baƙar wayar tarho ta ba shi umarni. Ka san ni ce. Ka kuma san dokar da marigayi Mai Kamfani ya kafa tun fim na farko: ba a nuna fuskarta, ba a faɗin sunanta, a jerin sunayen ƙarshe a rubuta Murya, sannan ɗigo bakwai. A takardun kamfani ni mai buga takardu ce. Ranar ɗaukar murya ta ƙofar baya nake shiga, in zauna a ɗan ɗakin da ke bayan shagon kafintoci, ga waya mai igiya ta gaske, jarumi yana can yana amsa mini bai san ko wace ce ba. Kuma muryar da nake yi wa wayar ba ita nake cefane da ita ba, shi ya sa maƙwabtana har yau ba su gane ba.

Abu biyu nake so. Na ɗaya, a ɗauki nawa kafin ranar tiyata. Na biyu, wannan karon a cire ɗigon nan a sa sunana. Sau ɗaya kawai. Na riƙe musu asiri shekara talatin da ɗaya, ba na son in mutu a matsayin mai buga takardu.

Ka amsa da wuri, ba ni da lokacin jiran yauƙin danginku.

Gwaggonka.

* * *

Gwaggo,

Amin wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kuma na yi baƙin cikin jin rashin lafiyar. Allah ya ba ki sauƙi, ya sa a yi aikin a sa'a. Mu duk lafiya. Baba ma lafiya, sai ciwon baya na zaman benci. Na isar masa da gaisuwarki, ya ce ya ji.

Wancan tabarau mai kauri kamar gindin kwalba na rabu da shi shekara goma sha biyar da suka wuce. Ban da ke babu mai kirana da wannan suna.

Bari in ba ki labarin yadda fim ɗin zai kasance, don kada ki ji a bakin wasu. Masu kamfanin na yanzu sun sa an tambayi masu kallo dubu uku. Waɗanda suka girma da Mai Sanɗa suna son komai ya tsaya yadda suka bar shi, amma ba sa zuwa sinima, suna gida suna jira a sa musu a talabijin. Waɗanda suke sayen tikiti kuwa ba a haife su ba lokacin da aka yi na farko, wasunsu dariya suke yi in sun ga mutum yana juya lambar waya da yatsa. Aikina shi ne in shigar da duka biyun ɗaki ɗaya. Don haka kwat yana nan, an rage masa tsawo. Kiɗan buɗewa yana nan, an ƙara masa sauri. Tsohuwar motar za ta fito sau ɗaya, sannan ta kama da wuta. Baƙar wayar ta tafi, yanzu wani ɗan abu ne a cikin kunnensa. Ɗakin bayan kafintoci ma babu shi, an sayar da ginin, tayil ake sayarwa a ciki.

Muryar kuwa tana nan. Tara cikin goma sun ce in babu ita ba Mai Sanɗa ba ne. Ga takardu na haɗo miki, jimla ɗari takwas ne. Akwai wani ƙaramin situdiyo kusa da ke, na rubuta adireshin a baya, an riga an yi magana da su. Ki karanta su duka da muryar waya, injiniyoyinmu suna buƙatarsu don sababbin na'urori.

Saura maganar suna. Gwaggo, ina da shekara tara ranar da Baba ya dawo gida da rana tsaka, da abin sauraronsa a cikin leda. Shi ne mai ɗaukar sauti na fim uku na farko, ke kika kawo shi kamfanin. Laifinsa shi ne wani ɗan jarida ya saya masa shayi, ya yi ta yabon Muryar, Baba kuma don alfahari ya ce, ai 'yar uwata ce. Ko suna bai faɗa ba, jaridar ma ba ta buga ba. Mai Kamfani ya so ya yi masa faɗa ya bar shi. Ke kika ce ko shi ko ke. Kin ce ranar da aka san mai muryar, ranar fim ɗin ya mutu. Shekara ashirin da bakwai ke nan Baba yana gyaran rediyo a ƙarƙashin matakalar wani bene, mutumin da yake iya jin numfashin ɗan wasa daga taku talatin.

Ban kawo wannan don tone-tone ba. So nake ki san a gidanmu mun san darajar ɗigon nan bakwai, domin mu muka biya su. Zan duba maganar.

Ɗanki.

* * *

Kwalba,

Gaisuwa, da fatan alheri gare ku duka. Jikina da sauƙi da safe, da yamma kuwa haɗiyar ruwa ma aiki ce.

Na yi maka jimlolinka, kwana huɗu na yi ina zuwa. Ɗakin bai kai kicin ɗina ba, an manna kwalayen ƙwai a bango, fanka a kashe don kada ta shiga sauti, ga wata mata a bayan gilashi tana taunar cingam tana ɗaga mini yatsa. Ta ba ni wata takarda na sa hannu, ban tsaya karantawa ba, zufa na cina. Wa ya rubuta waɗannan maganganu? Kada ka taɓa jar waya, wannan na gane. Jirgin zai tashi ƙarfe huɗu da kwata, wannan ma. Amma kifi goma sha biyu a cikin kwando fa? Ƙwarƙwata ta hau ƙeyar ƙanina fa? Kowace kuma sau uku, da fushi, da sanyi, da raɗa. Rana ta uku na tofar da jini a hankici. Matar ta ce ko za mu tsaya, na ce mata ban taɓa barin makirufo da saura ba.

Na karanta abin da ka rubuta a kan babanka. Kana jira in ce na yi nadama, to sai dai ka ci gaba da jira. Babanka yana da kunne, wannan ban taɓa musu ba, amma bakinsa ba shi da murfi. Da an bar shi, ɗan jarida na biyu da nama zai saye shi, na uku ko sisi ba sai ya kashe ba. Da a fim na huɗu an ga hotona a jarida ina sayen tumatir, shi ke nan, kowa in ya ji wayar ta yi ƙara tumatir zai gani. Asirin nan ne ya ciyar da mutum tamanin shekara talatin, shi ne kuma ya bar maka kujerar da kake zaune a kai. Bencin babanka ba ni na sassaƙa masa ba.

Za ka ce to me ya sa yanzu nake son a fasa. Domin yanzu muryar za ta tafi. Abin da ake ɓoyewa ya ƙare, sai a faɗi mai shi.

Game da gyare-gyarenka, ka ƙona motar in kana so, dama ba ta taɓa tashi ba sai an tura. Amma ka san abin da ya sa wayar take da amfani? Sai ya tsaya. Duk gudun da yake yi, duk masu binsa, dole ya nemi inda waya take, ya tsaya cak, ya saurari mace. Masu kallo a nan suke sauke numfashi. Ka cusa masa ni a kunne, yanzu zan zama ƙuda mai binsa har banɗaki. Masu kallonka dubu uku ba za su faɗa maka wannan ba, domin ba su san sun sani ba.

Har yanzu ban ga labarin fim ɗin ba. Ka aiko mini da shi. Kuma ka san al'adar kiran ƙarshe: duk fim, shi ake ɗauka a ƙarshen komai, ni a kan layi, jarumi a ɗaya gefen, ma'aikata duka a tsaye shiru, ba maimaici. Wannan ba a yin sa a ɗakin kwalin ƙwai. Ka sa rana, zan hau mota in zo, awa tara ba za ta kashe ni ba. In ranar ta wuce ta tiyata, sai tiyatar ta jira.

Gwaggonka.

* * *

Darakta,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Mako shida ke nan.

Na ɗaga tiyatar. Likita ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, Mama, abin nan ba ya jiran kowa. Na rubuta masa a takarda cewa ina da aiki ɗaya da ya rage. Ya tambaye ni wane irin aiki ne mai buga takardu da ta yi ritaya take da shi wanda ya fi maƙogwaronta. Ya sa na sa hannu cewa ni na zaɓa.

Jakata tana bakin ƙofa a ɗaure. Ina shan ruwan ɗumi da zuma, ba na magana da kowa, mai kayan miya ma da yatsa nake nuna masa. Abin da ya rage na muryar na adana maka shi, ina jin zai kai jimla goma masu kyau.

Jiya maƙwabciyata ta shigo tana nuna mini tallan fim ɗinka a wayarta. Na ga gajeren kwat, na ga wuta. Sai na ji ni. Na ji ina cewa, ba ka san ni ba, amma daga yau ni ce kaɗai za ka yarda da ita. Ban taɓa faɗin wannan ba. Babu shi a cikin ɗari takwas ɗinka, na dawo na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kuma muryar garau take, babu dishewar nan, kamar ta fim na biyu.

Ina ka samo ta? Ka amsa mini. Tsoro nake ji, kuma ka san ban saba faɗin haka ba.

Gwaggonka.

* * *

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi. Mu lafiya, sai gajiya. Mako bakwai muka yi a tashar jiragen ruwa muna ɗauka, ruwan sama ya lalata mana kwana tara.

Cikin wasiƙunki biyu, ta farkon na karanta ta ana tsakiyar aiki ban samu sukunin amsawa ba, ta biyun kuwa yau na gan ta. Sabuwar sakatariya ta duba sunan da ke bayan ambulan, ba ta same shi a jerin 'yan wasa ko na ma'aikatan fim ba, sai ta jefa ta a kwalin wasiƙun masu kallo. Ba laifinta ba ne, tsarin ne haka. Da na sani da na hana ki ɗaga tiyatar, domin babu abin da kike jira. An gama fim ɗin.

Ga amsar tambayarki. Jimlolin nan ɗari takwas, da duk abin da kika faɗa a fim goma sha uku, an zuba su a kwamfuta ta koyi muryarki. Kifi da ƙwarƙwata don ta ji yadda kike furta kowane harafi ne. Yanzu duk abin da aka rubuta mata za ta faɗa, da fushi ko da sanyi ko da raɗa, kuma injiniya ya cire mata shekaru da dishewa. Wannan yana shafi na biyu na takardar da kika sa wa hannu. Kiran ƙarshe ma an yi shi. Na tara ma'aikata kamar yadda aka saba, kowa ya yi shiru, aka danna maɓalli. Sau ɗaya, ba maimaici. Wasu tsofaffin ma'aikata har sun yi hawaye.

Maganarki a kan wayar gaskiya ce, na yi amfani da ita. Akwai wurin da abin kunnensa ya lalace, dole ya nemi tsohuwar waya a wani sito ya tsaya. Shi ne wuri mafi kyau a fim ɗin. Na gode.

Saura ɗigo bakwai. Na yi alkawarin zan duba, na kuma duba. Kin ce a cire su, an cire. Wannan fim ya koma farkon labari ne, aikin Mai Sanɗa na farko, lokacin da shi da Muryar duk matasa ne. A minti na ƙarshe kyamara za ta bi igiyar waya ta shiga wani ɗaki, a ga mai magana a karon farko cikin shekara talatin da ɗaya. Mun ɗauki wata 'yar wasa mai shekara ashirin da shida, doguwa, mai idanu. Ita take motsa baki, muryar tana fita. Sunanta ne zai fito a gaban kalmar Murya. Masu kamfani sun ce sunaye biyu za su rikita mutane, kuma ba sa son maganar kwamfuta ta fita, duk wanda ya taɓa aikin ya sa hannu zai yi shiru. Ban yi musu gardama ba. Na tuna abin da kika ce a kan tumatir, na ga kin fi su gaskiya: bai kamata masu kallo su ji waya ta yi ƙara su ga tsohuwa a gadon asibiti ba.

Kin ga ke nan ba a zubar da al'ada ba, ba a kuma tsaya a baya ba. An nuna fuska don 'yan yau, an ɓoye ki don na jiya.

Ki je a yi miki aikin, don Allah. Muryar tana hannu mai kyau.

Ɗanki.

* * *

Ɗana,

Sallama. Ina gaishe ku. Wata huɗu ke nan ban rubuto ba, ina jin ba ka ƙirga ba.

An yi tiyatar. Saboda jinkirin, abin ya bazu, sai da suka cire komai. Raɗar da aka yi mini alkawari ma babu ita. Da wani ɗan rami a wuyana nake numfashi, ina rufe shi da ƙyalle. Ina yawo da ƙaramin littafi da biro a jaka. Na gano yawancin abin da mutum yake faɗa a rana bai cancanci a ɓata masa tawada ba.

Na je na ga fim ɗinka, kallon ƙarfe biyu na rana. Na tafi ne in tsane shi, ban samu yadda nake so ba. Fim ne mai kyau. Ya fi goma daga cikin goma sha uku. Ka ajiye wannan layin, ba zan sake rubuta shi ba.

Da kyamara ta fara bin igiyar wayar, ɗakin ya yi tsit. Da fuskar yarinyar ta fito, mutane suka tashi suna tafi. Matar da ke kusa da ni, sa'ar uwarka ce, ta zo da jikokinta, tana share ido tana ce musu, wallahi haka nake ganinta a raina tun ina budurwa. Na jira har sunaye suka fara hawa. Na ga kalmar Murya, na ga sunan wata a gabanta. Ban san lokacin da na ciro littafina na rubuta, ni ce, na taɓa hannun matar na nuna mata ba. Ta dubi rubutun, ta dubi ƙyallen wuyana, ta buɗe jaka ta sa mini canji a hannu. Ta ce Allah ya ba ni lafiya. Na riƙe kuɗin har gida, domin ba ni da bakin mayar mata.

Washegari na je ofishin jarida. Editar shafin fina-finai mace ce mai haƙuri, ta ba ni kujera, ta karanta shafi shida da na rubuta. Ta ce ina kwantiragi. Na nuna mata takardar ritaya, an rubuta mai buga takardu. Ta ce to in ɗan yi muryar ta ji, sai ta tuna, ta sunkuyar da kai. Na fito da wasiƙunka biyu. Ta juya su gaba da baya, ta ce babu tambarin kamfani, babu suna, babu sa hannu, bugun na'ura ne kawai, ni kuma bugun takardu ne sana'ata. A gabanta na fara lura ba ka taɓa sa hannu ba. Na yaba maka. Ni ma da haka zan yi.

Ta ce abu ɗaya zai sa ta buga: wanda ya gan ni da idonsa a ɗakin waya, wanda sunansa yake cikin jerin tsofaffin fina-finan, ya faɗa da bakinsa. Mai Kamfani ya rasu. Mai sautin da ya gaji babanka ya rasu bara waccan. Mutum ɗaya ya rage a duniya.

Ban iya roƙo ba, ka yi haƙuri in ya fito a karkace. Ka karanta wa babanka wannan. Yaya, na cuce ka. Na san haka tun ranar, na dai ƙi faɗa ne. Ba na neman ka yafe mini. Matar jarida za ta zo wurinka ranar Laraba. Abin da ka faɗa wa wancan a kan kofin shayi, shi kawai nake so ka sake faɗa. Likita bai ba ni shekaru ba, watanni ya ba ni.

Gwaggonka.

* * *

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Na yi baƙin cikin jin yadda aikin ya kasance. Mu lafiya. Na gode da yabon fim ɗin, na ajiye layin.

Na kai wa Baba saƙonki har bencinsa. Ya sa na karanta masa sau biyu, yana riƙe da ƙarfen walda bai ajiye ba. Ya ce in faɗa miki shi ma ya ga fim ɗin, kuma tun jimlar farko ya san ba ke ba ce, domin ke kina jan numfashi kaɗan kafin ki ba da umarni mai haɗari, na'urar kuwa ba ta ja. Ya ce duk garin nan shi kaɗai ya ji wannan, kuma ya yi kewarsa.

Matar jarida ta zo ranar Laraba, ina wurin. Ya ba ta kujerar roba, ya amsa mata cewa shi ne mai sautin fim uku na farko. Ya ba ta labarin makirufo na da, da yadda ake yin ƙarar takalmi da buhun tsakuwa. Da ta tambaye shi wace ce Muryar, ya ce wannan ba zai iya faɗa ba. Ta ambaci sunanki, ta ce ko e ko a'a ya isa. Ya ce ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba. Ta yi kusan awa ɗaya, sannan ta tafi.

Bayan ta tafi ya faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Ranar da aka kore shi, ba ki bar shi ya fita haka nan ba. Kin sa an rufe ƙofar ofishin Mai Kamfani, kin sa ya rantse da Allah cewa ba zai sake faɗa wa kowa ba har ya mutu, ko da ke da kanki kika roƙe shi. Ya ce wannan ƙarshen ke kika ƙara shi, Mai Kamfani ma ya ce ya yi yawa, kika ce kin san halin mutane, har da naki.

Na ce masa akwai hanyar warware rantsuwa in mutum yana so. Ya ce ya sani.

Ya ce in gaishe ki da jiki. Ya ce ki kwantar da hankalinki, asirinki yana nan a rufe yadda kika bar shi, kuma da shi za a binne shi.

Ɗanki.